Yadda za ka gane ko motar ibirid za ta rage maka kuɗin mai a Maraɗi

Dillali zai ce maka motar ibirid, wato mai haɗa injin fetur da na lantarki irin Toyota Prius, shinshinar mai kawai take yi. Da gaskiya a maganarsa, amma bai san inda kake zuwa kullum ba, kuma nan ne ribar take ko asarar. Kafin ka miƙa kuɗi, zauna da biro da takarda.

Fara da motar da ke hannunka. Ka je gidan mai a cika tanki fal, ka rubuta kilomitan da agogo ya nuna. Yi zirga-zirgarka ta yau da kullum har sati biyu, ka koma a sake cikawa. Litar da ta shiga karo na biyu, raba ta da kilomitan da ka yi, ka ninka sau 100. Abin da ya fito shi ne litar da motarka ke sha a kilomita 100. Kar ka yi wannan gwaji da man kwalba na ƴan ruwa-ruwa, don ba kowace kwalba ce ke cika lita ba.

Sai lissafi. Tun Yulin 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499. Mu ɗauka motarka tana shan lita 8 a kilomita 100 cikin gari, Prius mai lafiyayyen batir kuma tana shan wajen lita 5. Idan kilomita 1,000 kake yi a wata, lita 30 ka tsirar, kusan jaka 15 ke nan, jaka 180 a shekara. To, in ibirid ɗin ta fi takwararta tsada da miliyan ɗaya, sai ka haura shekara biyar kafin kuɗinka su dawo. Mai taksi ko mai kai ƴan makaranta da ke cin kilomita 3,000 a wata, shi ko shekara biyu ba zai cika ba. Ma'aikacin da tafiyarsa ba ta wuce daga unguwar Ali Ɗan Sofo zuwa ofis da masallacin Juma'a, a ganina ya sayi motar don shirunta da daɗin tuƙi in yana so, amma kar ya ce don tattalin mai ne.

Ka duba hanyar da kake bi. Ibirid tana cin riba ne a inda ake tsaye-tsaye: cunkoson bakin babbar kasuwa, kabu-kabu ya gitta ka taka birki, amalanke ya tare hanya ka jira. Duk taka birki caji ne ga batir, in ka tsaya kuma injin ya mutu da kansa. Amma wanda aikinsa Maraɗi zuwa Damagaram ne ko Yamai a kan kwalta da gudu, injin fetur ne ke jan motar kusan duk tafiyar, ratar sai ta ragu sosai. Masu tambayar yadda za a yi da ɗaukewar wutar Nigelec su kwantar da hankali, irin wannan ba a jona ta a bango.

Matakin da ya fi kowane nauyi shi ne batir babba, wanda ke bayan kujerar baya. Yawancin motocin da ake shigo mana da su sun riga sun sha shekaru a Turai ko Amurka, kuma zafi ne babban makashin batir. A Afrilu da Mayu nan garin zafi na haura digiri 40. Batirin Prius ta 2004 zuwa 2009 ɓangarori 28 ne a jere, ɗaya ya raunana sai ya ja sauran. Don haka ka shiga motar, ka kunna sanyi, ku yi yawo na rabin awa kana kallon allon gaba. In layukan caji suna cika nan take suna zubewa nan take, ko injin ya ƙi yin shiru ko a tsaye, batir ya gaji. Ka nemi makanikin da ke da na'urar da ake jonawa ƙarƙashin sitiyari ya karanta maka ƙarfin kowane ɓangare. Lambar P0A80 in ta fito, ma'anarta a canza batir. Kuma tun kafin ciniki ya faɗa, tambayi kuɗin wani batirin a nan, ko a Katsina da Kano ta hanyar Ɗan Isa, ka ɗora shi kan farashin motar. Mai sayarwa da ya hana ka wannan gwaji, ka gode masa ka kama gabanka.

Sauran kashe-kashen ba su da yawa. Takalmin birki yana daɗewa fiye da na sauran motoci. Akwai ƙaramin batir na bolt 12, shi ma yana mutuwa kamar na kowa. Motar gajeriya ce daga ƙasa, mai shiga ƙauyuka ta cikin yashi ya yi tunani.

In ka saya, abu biyu za ka tsare. Fankar da ke sanyaya batir tana jan iska ne daga cikin mota ta wata ƴar kafa gefen kujerar baya. Kar a toshe ta da buhu ko jakar yara, kuma a buɗe a share ta bayan ƙurar hunturu. Na biyu, injin sanyin Prius daga 2004 na lantarki ne, mai na musamman yake sha, ND-11. Mai cika gas ya zuba masa na sauran motoci, lalacewa ce mai tsada. Wayoyin nan masu ruwan goro kuwa wuta ce sama da bolt 200, kar ka bar yaron gareji ya kai musu hannu.