Kurakuran da aka fi yi a gidan cin manakish da mezze na Labanon

Babban kuskuren da ke ɓata wa baƙo cin abincin Labanon shi ne ya zauna ya zaɓi kwano ɗaya shi kaɗai, abokin tafiyarsa ma ya zaɓi nasa, kowa ya sunkuya kan abin da ke gabansa. Mezze ƙananan kwanuka ne da ake jerawa a tsakiyar tebur, hannu da yawa na shiga, ana ci ana hira. Garin Zahle da ke kwarin Biƙa ya yi suna a kan haka, a gidajen abincin bakin kogin Bardawni, inda iyali kan shafe yini a kan tebur guda. Ko a ɗan shagon unguwa a Beirut, ko a gidajen abincin 'yan Labanon da ke Kano, tsarin ɗaya ne. Idan ku huɗu ne, ku nemi kwanuka kamar shida ku haɗa, in ba su isa ba a ƙaro. Bahaushe da ya tashi yana cin tuwo a kwano ɗaya da 'yan'uwansa bai kamata wannan ya ba shi wuya ba.

Daga nan sai gaggawar neman gasasshen nama. Abincin yana da jeri: masu sanyi su ne farko, wato hummus (niƙaƙƙen wake da riɗi), mutabbal (gasasshen yalo da riɗi), labna (kindirmo mai kauri), sai tabbula da fattush, waɗanda salak ne. Sai masu zafi, irin su soyayyen kibbe (kirɓaɓɓen nama da alkama), fatayar (kwaɓin fulawa da aka cusa wa alayyafo aka gasa) da dankali mai yaji da ake kira batata harra. Gashi yana zuwa a ƙarshe. Wanda ya ce a kawo masa komai lokaci ɗaya zai tarar naman ya huce kafin ya kai gare shi, ko kuma ƙarfin naman da na tum, wato miyar tafarnuwa, su rufe masa ɗanɗanon sauran. Ka ce wa mai kawo abinci ya jinkirta gashin sai kun ci rabin na gabanku. Sau da yawa ma za ku ga ba ku bukatarsa.

Gurasar ita ce cokali. A yago ɗan ƙarami, a lanƙwasa shi tsakanin yatsu uku, a kwaso hummus daga gefen kwano tare da ɗan man zaitun da ya taru a tsakiya. Mutane da yawa sukan ɗauki gurasa guda su shafe ta da hummus su naɗe, kafin a kawo kwano na uku ciki ya cika da fulawa. Wasu kuma su mayar da gutsuren da suka gatsa cikin kwanon kowa, abin da ba ya yi wa abokan ci daɗi. Loma ɗaya, yago ɗaya. Kuma kada a juya man zaitun ɗin a cakuɗa shi da cokali, an zuba shi a sama ne domin kowace loma ta samu rabonta.

Tabbula ce na fi jin takaicin yadda ake yi mata. A Labanon ganyen fasili ne jigonta, an yanka shi siriri da wuƙa mai kaifi, da na'a-na'a, tumatir, albasa, lemun tsami da man zaitun, sai ɗan burgul kaɗan, wato ɓarzajjiyar alkama, wanda da ƙyar ido zai gan shi. Idan aka kawo maka kwano fari fat da alkama, ganyen yana leƙowa nan da can, mai dafawar ya kauce hanya. Ana kwasar ta da ganyen latas ko na kabeji, a wasu gidajen da ɗanyen ganyen inabi, kuma hakan yana rage yawan gurasar da mutum zai ci. Fattush kuwa ba ta son jira, domin gasasshiyar gurasar da ke cikinta tana jiƙewa da ruwan lemo da na rumman, ƙamas-ƙamas ɗin ya tafi. Da an ajiye ta a fara da ita.

Manakish kuma abincin safe ne. Kwaɓin fulawa ne da ake faɗaɗawa, a danna shi da yatsu, a shafa za'atar da man zaitun ko a zuba cukun akkawi, a jefa a tanda. Za'atar haɗi ne na busasshen ganye mai ƙamshi da riɗi da gishiri da sumak, wani jan gari mai tsami irin na yakuwa. A shekarar 2023 hukumar UNESCO ta sa man'ushe, wato manakish, cikin jerin al'adun gargajiya na duniya da sunan Labanon. A unguwannin Beirut tandar da ake kira furn tana cika da sassafe, 'yan makaranta da ma'aikata kowa da tasa a takarda. Mai zuwa da yamma yana neman irin wannan ɗanɗanon yakan samu wadda aka ɗumama. Kuskure na biyu shi ne a sa a rufe ta cikin roba a tafi da ita gida: tururi zai sauka a kanta ta yi laushi ta yi danƙo. A ci ta nan take da zafinta, a ninke biyu, a cusa tumatir, kokwamba, na'a-na'a da 'ya'yan zaitun a ciki, a bi da shayi. Wuƙa da cokali mai yatsu ba su da aiki a nan. Wanda ya kasa zaɓa tsakanin za'atar da cuku ya nemi rabi da rabi. Mai nama kuma, laham bi ajin, a matsa mata lemun tsami, in ba haka ba maiƙon zai gundure ka.

Jan abin nan mai launin hoda da ake kawowa a gefe, wasu sukan ture shi suna zaton rini aka sa. Tanip ne da aka jiƙa a ruwan gishiri da khal tare da bitirut, kuma tsaminsa ke wanke baki tsakanin kwano mai riɗi da mai nama.

Akwai abu biyu da ya kamata a tambaya kafin a ci. Labanon ƙasa ce ta Musulmi da Kirista da Duruz, kuma ba kowane shago ne ke bin ƙa'idar halal ba. Wasu tandar suna yin manakish da naman alade da cuku, wasu kuma sukan sa giya a haɗin tsiran hanji da ake kira makanik. Arak ma giya ce mai ƙarfi da ake yi da inabi da yansun, tana komawa fari kamar madara idan aka zuba mata ruwa, har baƙo ya ɗauka ayran ne, wato nonon da aka dama da ruwa da gishiri. Tambaya ba abin kunya ba ce, masu shagon sun saba da ita.

Na biyun shi ne kibbe nayye, ɗanyen nama da aka kirɓa da burgul da albasa, abin alfaharin mutanen Zgarta da Ihdin a arewacin ƙasar. Su suna cin sa ne daga naman da aka yanka a ranar, a hannun mahaucin da suka sani. A shagon da ba ka san inda yake sayen nama ba, musamman lokacin zafi ko inda wutar lantarki ke yawan ɗaukewa, ka nemi soyayye ko na tire da aka gasa a tanda. Mai juna biyu, ƙananan yara, tsofaffi da marasa lafiya su bar ɗanyen gaba ɗaya, komai kyawun shagon.