Yadda za ka koya wa matashinka riƙe zuciya da iya zama da mutane

Yaron nan ɗan shekara 14 da ya buga ƙofa ya shige ɗaki, ba lallai rashin kunya ce zalla ba fa. Ɓangaren gaban ƙwaƙwalwa, mai sa mutum ya tsaya ya yi tunani kafin ya aikata, ba ya gama nuna sai wajen shekara 25, shi kuwa ɓangaren fushi da zumuɗi tuni ya kama aiki gadan-gadan. Mota ce mai gudu birki bai gama kamawa ba.

To in ya hau sama kar ka fara wa'azi, wallahi ba ji zai yi ba. Bari ya huce tukuna ko da zuwa dare ne, ka zauna gefensa ka ce "ɗazu na ga ranka ya ɓaci, me ya faru?" sai ka ja bakinka ka yi shiru. Shirun nan shi ne wahalar, don mu manya akwai mu da katse magana, yaro bai kai ƙarshe ba mun riga mun yanke hukunci mun kawo mafita har mun ɗora da labarin zamaninmu. In ya ce "ba komai", taya shi laluben sunan abin: kunya ka ji? kishi ne? ko gani ka yi an raina ka? Wani bincike a jami'ar UCLA da ke Amurka a 2007 ya nuna ambaton sunan abin da mutum ke ji yana rage tashin ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro da fushi.

In sun saɓa da aboki kar ka shiga ka gyara masa. Tambaye shi, kai a ganinka me ya sa ya yi maka haka? Shi zai tsara abin da zai faɗa, ya je da kansa, ko da ya kwafsa. Kai ma ran da ka daka masa tsawa ba da haƙƙi ba ka ce masa yi haƙuri, a wajenka zai ga yadda ake yi.

Sai barci. Matashi na buƙatar awa 8 zuwa 10, wanda ya kwana yana latsa waya da safe kowa abokin faɗansa ne, don haka wayar ta kwana a wajen ɗaki.

Amma in ka ga ya daina cin abinci, ya guje wa abokai, ko yana maganar gajiya da rayuwa, wannan ya wuce hira, ku ga likita da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin 7 na 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa.