Yadda ake ɗinka ɗan gida da guntayen atamfa

Guntayen da teloli ke sharewa a kasuwar Garwa ko ta Marwa a Kamaru sun isa a haɗa zanin rufa na yaro ko rigar matashin kai, kuma zanen da ya fi dacewa mai koyo ya fara da shi shi ne ɗan gida mai jinka da bango da ƙofa. Wanda za mu yi zai fito santimita 20 kowane gefe bayan an gama haɗawa.

Nemi ƙyalle kala huɗu: mai haske na sararin sama, mai duhu na jinka, na bango, sai na ƙofa. Duk su zama auduga zalla, irin atamfar kamfanin CICAM na Kamaru. Kada ka gwama da yadin roba ko leshi, don gugar da auduga ke so ƙona roba take yi, kuma ba sa jan jiki daidai in an wanke. Wanke guntayen tukuna, kowace kala daban, sitaci ya fita, mai zuba ta zuba. Ba sai ka sayi sabon yadi ba, sai dai na sama, wanda gara ya zama iri ɗaya a duk gidajen.

Ga awon yanka da santimita, an riga an sa rarar ɗinki ta santimita 1 a kowane gefe. Jinka 22 da 12, guda ɗaya. Sama 12 da 12, guda biyu, da kuma 4 da 12, guda biyu. Bango 8 da 12, guda biyu. Ƙofa 6 da 9, sai ƙyallen bango 6 da 5 na samanta. Yanke awon a kwali ka riƙa zanawa da fensir, alli yana da kauri, yana ƙara wa awo.

Fara da rabin gidan na ƙasa. Haɗa ƙofa da ƙyallen samanta, tsawonsu ya zama 12. Sa bango dama da hagu, sannan siraran ƙyallen sama a gefe da gefe. Auna, dole faɗin ya zama 22. In ya gaza, rarar ɗinkinka ce ta wuce kima: milimita 2 kacal a kowane ɗinki, cikin ɗinki huɗu, ya cinye santimita ɗaya da rabi da ɗoriya. Manna salatif a kan farantin keke, santimita 1 daga allura, ka riƙa bin bakinsa.

Jinka ce wurin da masu koyo ke faɗuwa, don haka a nan a bi sannu. Ja layi daga kusurwa zuwa kusurwa a bayan kowane ƙyallen sama mai 12 da 12. Shimfiɗa jinka fuskarta sama, ɗora ƙyallen sama ɗaya a gefen hagu, fuska da fuska. Layin ya tashi daga kusurwar ƙasa ta hagu ya hau zuwa wajen tsakiyar sama. In ya juya, jinkarka za ta fito a kife. Ɗinka kusa da layin, kaurin zare ɗaya ta wajen kusurwar da za a yanke, saboda ninkin ƙyalle yana cin ɗan wuri.

Kada ka taɓa almakashi tukuna. Ninka ƙyallen sama zuwa kusurwar sama ta hagu ka duba, bakinsa ya hau bakin jinka cif? In ya hau, buɗe ka yanke kusurwar da ke ƙarƙashi, ka bar santimita 1 daga ɗinki. In bai hau ba, farke ka sake, don da zarar an yanke ba gyara.

Sai guga, kuma a nan ake ɓata da yawa. Wannan ɗinkin a karkace yake bin saƙar yadi, ta nan ne yadi ya fi miƙewa. Ɗora dutsen guga ka danna ka ɗaga, kada ka ja shi gaba da baya, in ba haka ba bakin jinka zai lanƙwashe. Mai dutsen gawayi ya shimfiɗa farin ƙyalle a kai saboda toka.

Bayan an goge na hagu ne ake ɗora na dama, layinsa ya tashi daga kusurwar ƙasa ta dama, ba a ɗora su tare. Na biyun zai hau kan na farko da santimita 2 a tsakiya, kada ka ɗauka kuskure ne. Wannan hawan ne ke sa tsinin jinka ya tsaya santimita 1 ƙasa da baki, yadda in ka haɗa gidan da wani ƙyalle daga sama, ɗinki ba zai datse tsinin ba. Ranar haɗawar, sa bayan jinka ya kalle ka, za ka ga inda ɗinki biyu suka gitta. Allura ta bi ta kan mahaɗar ko ɗan sama da ita kaɗan.

Yanzu haɗa sama da ƙasa. Ninka kowanne biyu ka sami tsakiya, kafa fil a nan da kuma gefe biyu, tsinin jinka ya daidaita da tsakiyar ƙofa. Ɗinka, ka kwantar da rarar zuwa wajen bango. Auna, 22 da 22.

Gida 20, huɗu a faɗi biyar a tsawo, sun ba da zanin yaro mai santimita 80 da 100. Sa tsohon zani mai laushi a tsakiya, wani a baya, bi layukan haɗin da ɗinki daga tsakiya zuwa waje, ka kalmashe baki. Don zafin Kusiri da Injamena, bar na tsakiyar, biyu sun wadatar.