Darasi na 9: Idan Akwatin Riƙe Wuta Ya Yi Kuka

'Yan uwa, baƙin akwatin nan mai nauyi da ke ƙarƙashin teburin kwamfuta shi ake kira UPS. Batir ne a cikinsa. Idan an ɗauke kahraba, wato wutar lantarki, yadda muka saba a nan Gadarif ta Sudan, shi zai riƙe kwamfuta na 'yan mintoci. Ba janareta ba ne.

Da zarar ya fara kuka, ku janye hannu. Kada ku danna komai, kada ku zare filogi. Ku saurara, ku ƙirga da yatsa. Wanda bai iya karanta rubutun jikinsa ba kada ya damu, kunnensa ya ishe shi.

Mu ɗauki samfurin UPS na kamfanin APC. Idan kun ji ƙara 4, sai shiru, bayan daƙiƙa 30 ƙara 4 kuma, to wuta ce ta tafi, batir ke aiki. Lafiyarsa ƙalau. Ku adana aikinku, ku kashe kwamfuta a tsanake. Amma kafin nan me muka ce? A saurara, a ƙirga. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Madalla.

Idan ƙarar ta zo a jere da sauri, batir ya kusa ƙarewa, saura kamar minti 2. Nan ma sai kun saurara za ku bambanta ta da ta farko.

Makon jiya akwatin ajinmu ya yi kuka, kafin in buɗe baki wani ya miƙa hannu ya zare wayar kwamfutar, wasiƙar da ya yi rabin awa yana bugawa ta tafi. Haba Baba! Sau nawa zan faɗa? Ba ƙyuya ba ce, na sani, tsoro ne. To a daure. Kunne tukuna, hannu daga baya.

Doguwar ƙara wadda ba ta yankewa, kaya ne suka yi masa yawa. Ku cire firinta, ku cire butar shayi. Da ma ba wurinsu ba ne.

Darasi na 10: Batir

Yakan yi shekara 3 zuwa 5, zafin ƙasar nan yana rage masa kwana. Kada a rufe shi da tsumma. In ya kumbura ko yana wari, a kashe a kira mai gyara.