Yadda ake daidaita sandar sitiyari a tsohuwar Land Cruiser

Wanda ya sauke bodin tsohuwar BJ40 ko HJ47 ya maida shi kan shasi, ba wuya ya tarar sandar sitiyari ta ƙi haɗuwa da akwatin sitiyari. Dalili kuwa, akwatin a jikin shasi yake ɗaure, ita sandar a jikin bodi. Robobin da ke tsakanin bodi da shasi sun daɗe da lotsewa, tunda ko wadda ta fi ƙuruciya a jerin 40, wato dangin BJ40 da HJ47, a 1984 aka ƙera ta, kuma hanyar Abalak da ta Cintabaradan ba su bar musu komai ba. Da an sa sabbin robobi bodi zai ɗaga da ƴan milimita, sanda ta bi shi sama, akwati yana nan inda yake.

Don haka kada ka taɓa sandar sai bodi ya gama zama. Sa robobin duka, ɗaure su, ka duba ƙofofi suna rufuwa ba sai an buga ba. Cire kan batir saboda wayar oda. Ɗaga gaba da kirik, ka sa kafi a ƙarƙashin gada, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin gaba, tayoyi su bar ƙasa.

Daga nan sai akwati. Ɗaure shi tam a mazauninsa, amma goge wurin tukuna ka haska da tocila, shasi yakan tsage a gefen ramukan bulo. In akwai tsaga, walda ce farko. Sannan ka nemo tsakiyar akwatin: raba hannunsa da sandar da ke zuwa tayoyi, juya shi har ƙarshen hagu, ka ƙirga zagaye har ƙarshen dama, ka dawo rabi. Yi alama da farin fenti. Hannun akwatin da ƙarfen da yake hawa suna da zane, sai zanen biyu sun yi daidai.

Nan ne sababbin hannu ke ɓata aiki. Suna fara ɗaure sandar a ƙarƙashin tablo don ta daina lilo, sannan su sauka su ja ƙarshenta da lebiye har bulo ya shiga. Zai shiga kam, sai dai an bar faifan robar da ke haɗa sanda da akwati a tanƙware. Sitiyari ya riƙa yin nauyi a wuri guda a kowane zagaye, robar ta yage, rulman (zoben da sanda ke juyawa a kansa) na cikin akwati ya cinye. Abin da ake yi shi ne a bar komai sake-sake: bulon sama na tablo da na faranti inda sandar ta huda gaban bodi, a sa su da yatsa kawai. Haɗa faifan robar tukuna. Sunkuya ka dube shi daga gefe, ya kamata ya kwanta sumul, tazarar ƙarafan biyu iri ɗaya ko'ina. Sa yaro ya juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau uku kana kallo, sandar za ta nemi wurin zamanta da kanta. Sai ka ɗaure daga ƙasa zuwa sama, kana sake juyawa bayan kowane bulo. Wanda ka ɗaure sitiyari ya yi tauri, shi ke jan sandar. Sassauta shi ka cusa rondel, ko ka ɗan faɗaɗa ramin da zarto. Guduma ba ta da aiki a nan.

Faifan da ake yankowa daga tsohuwar taya yana da araha, ni dai ban yarda da shi ba, ramukansa ba sa fita daidai. Gara a aika Yamai ko Ƙonni a samo na gaske ko da an jira kwana biyu. Bulon da ke matse haɗin kuma dole ya ratsa ta kwarmin da aka yi masa a jikin sandar, in ba haka ba wata rana ta zare kana tsakiyar rairayi.

Masu jerin 60 da 70, in sandarku mai kardan biyu ce, wato gaɓoɓin da ke barin sanda ta juya a karkace, kunnuwan kardan ɗin su kasance a layi ɗaya. Haƙori guda ya kauce za ku ji shi a hannu.

In an sauke mota sitiyari ya karkace, kada a cire shi a juya, tsakiyar akwatin za ta ɓace, mota ta riƙa yawo a kan kwalta. Gyara tsawon sandar da ke haɗa akwati da tayoyi. Auna tayoyin gaba da mita, gabansu ya fi bayansu matsewa da milimita 1 zuwa 3. Wasan sitiyari in ya wuce santimita 4, duba rotil, wato gaɓoɓin ƙarshen sandunan tayoyi, kafin ka taɓa sukurin akwati. Sa sabbin gupi, ƴan ƙusoshin da ke hana bulo kwancewa, yi gwaji a hanyar jar ƙasa, ka dawo ka sake bin kowane bulo da kile.