Yadda Fursunan da Aka Yi wa Fyaɗe Zai Samu Taimako

Awa 72 na farko bayan fyaɗen na likita ne. A cikinsu ake fara maganin kariya daga ƙanjamau, wato PEP, a sha kwana 28 ba fashi. Mace kuma tana da kwana 5 ta sha maganin hana ɗaukar ciki na gaggawa, amma gara da wuri. Kafin a duba fursunan kada ya yi wanka ko kurkure baki, duk da cewa abin da ransa ya fi so ke nan. Tufafin a sa su a jakar takarda, domin leda na tara damshi ta ɓata shaida.

Wurin ba da shawara ne aka fi samun tangarɗa, kuma sirri ne sanadi. Kafin ya buɗe baki ya tambaya: "Abin da zan faɗa, wa zai ji?" A gidajen yari da yawa, wajibi ne gandiroba, har ma da nas, su kai rahoto sama. Shi ya sa ƙa'idojin da aka fitar a 2012 ƙarƙashin PREA, dokar Amurka ta kawar da fyaɗe a gidajen yari, wadda aka kafa a 2003, suka ce a bai wa fursuna adireshi da lambar wayar masu tallafi na waje, a kuma gaya masa tun farko ko ana sauraron kiran. Wayar da aka kafe a baranda, inda kowa ke kasa kunne, ba mai kiranta. A nemi ɗaki mai ƙofa da layin da ba a naɗa, wasiƙa kuma a tabbatar ba a karanta ta a hanya.

Kada a gindaya masa sharaɗin sai ya faɗi sunan wanda ya yi. Ƙa'idojin PREA sun ce a kula da shi kyauta ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ƙa'idojin Bankok na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2010, kan kula da mata fursunoni, su ma sun ba mace damar ganin mai kwantar da hankali nan take, ko ba ta shigar da ƙara ba.

Kulle shi shi kaɗai da sunan kariya kuskure ne babba: sauran fursunoni za su ɗauka hukunci ne, su kama bakinsu. Wanda ake zargi za a ɗauke. Daga nan a sa ido aƙalla kwana 90 don gudun ramuwar gayya: sauya masa ɗaki ba dalili, hana shi ziyara, ko ɗora masa laifuffukan da ba a saba gani ba.

In ya kasa magana da kansa, dangi ko lauya na iya kai ƙorafin a rubuce, su riƙe kwafi mai kwanan wata.