Darasi na 6: Ajiyar batir a gida da haɗarin gobara

Batirin da ya daina kunna rediyo ko rimot bai mutu ba, akwai sauran wuta a cikinsa. Kowane batir yana da kai biyu, mai alamar + da mai alamar −. Muddin ƙarfe ya haɗa kawunan nan, wutar za ta bi ta cikinsa ba birki, nan da nan ya ɗau zafi. Shi ya sa durowar da ake watsa makullai, ƙusoshi, tsofaffin batura da takardun asibiti wuri ɗaya take da haɗari.

Wanda ya fi saurin jawo wannan shi ne batir mai kusurwa huɗu, mai bolt 9, domin kawunansa biyu suna gefe ɗaya, dab da juna. Soson ƙarfe mai laushi na taɓa su, sai ya yi jajawur ya kama. Maganin ba tsada: a yanki salatif, baƙi na masu gyaran wuta ya fi, a liƙe kawunan kafin a ajiye ko a jefar. Sababbi a bar su cikin kwalinsu. Waɗanda aka buɗe a jera su cikin roba mai murfi, ban da gwangwani. Ƙananan nan masu kama da maɓallin riga a liƙe kowanne daban, a kuma ɗaga su sama saboda yara.

Batirin waya, na fawa banki da na wasu fankoki masu caji, nasu ya fi muni. Na litiyom ne, kuma zafi ne babban abokin gabarsu. A Abuja, a watan Maris da Afrilu, motar da aka kulle a rana a Kasuwar Wuse cikinta ya fi waje zafi nesa ba kusa ba. Kada a bar fawa banki a ciki. Caji kuma a kan siminti ko tayil za a yi, ba a ƙarƙashin matashi ko kan katifa ba. In bayan waya ya ɗago, batirin ya kumbura ke nan. Wasu sukan huda shi da allura wai iska ta fita. Ganganci ne, don hujin kan haɗa abin da ke ciki ya tashi da wuta. A daina cajinsa, a sa shi cikin bokitin yashi a inuwa, nesa da janareta da jarkar fetur.

Batirin inbata irin na ruwa yakan fitar da iskar haidurojin lokacin caji, mai kama wuta da ɗan tartsatsi. Ɗakinsa ya zama mai taga a buɗe, kuma kada a ɗora sifana a kansa.

In hayaƙi ya fara tashi, a kashe wuta daga babban makunni, a fitar da yara, don hayaƙin guba ne. In wutar ƙarama ce, ta waya ko tocila, a zuba yashi ko ruwa mai yawa, a ci gaba da lura, domin takan sake tashi. In ta kama labule ko katifa, kowa ya fita, a kira 112 a nemi 'yan kwana-kwana.